Swami Bibekananda: Almajirin da Sai da Ya Zaga Indiya Sannan Ya Gane Karatun Malaminsa

Duk wanda ya taɓa zama ya kalli fim ɗin Indiya, kuma na san kusan dukanmu ne, ya san irin mutanen nan masu ɗaura yadi ruwan goro, da sanda a hannu da 'yar buta, suna tafe a gefen hanya ko suna zaune a ƙofar ɗakin bauta. Yawanci kyamara wuce su take yi, mu ma hankalinmu na wajen jarumi da jaruma. To amma su wane ne, ina za su, kuma me ya raba su da gida? A wannan fitowa ta mujallarmu na ɗauko tarihin ɗaya daga cikinsu, wanda sunansa ya zaga duniya, wato Swami Bibekananda.

Kafin ya ɗauki sanda da buta, ɗalibi ne kamar ni da ku. Ya yi jarrabawa, ya yi gardama da malamai, ya kuma sha yawon ofis-ofis da takardu a hannu ba a ɗauke shi aiki ba. Shekara 39 kacal ya yi a duniya. Abubuwa biyu ne suka juya rayuwarsa, kuma dukansu manyan ginshiƙai ne a addinin Hindu: bin guru, da ziyarar wuraren ibada. Sai mun ɗan fahimci waɗannan biyun sannan labarin zai zauna mana.

Guru da tirtha

A harshen Sanskirit, tsohon harshen da aka rubuta littattafan addinin Hindu da shi, asalin ma'anar guru ita ce mai nauyi, mutumin da maganarsa ke da nauyi. Mabiya addinin sun yi imani cewa karatun littafi kaɗai ba ya kai mutum ga sanin gaskiya, sai ya karɓa daga bakin wanda ya riga shi isa. Guru shi ke shigar da almajiri hanya, abin da suke kira diksha, ya raɗa masa wasu kalmomi da zai riƙa maimaitawa, su ne mantra. Shi ma gurun yana da nasa gurun, haka abin yake tafiya baya kamar sarƙa. Almajiri yakan durƙusa ya taɓa ƙafar gurunsa, ya yi masa hidima, ya bi umarninsa. Har rana guda suka ware a shekara don girmama malamai, ita ce Guru Purnima, ranar da wata ya cika a cikin watan Ashada, wanda kan faɗo tsakanin Yuni da Yuli.

Wurin ziyara kuwa tirtha suke ce masa, asalin kalmar kuma mashigi ne, inda ruwa ba shi da zurfi har mutum ya iya ƙetare kogi. A fahimtarsu rayuwar duniya kogi ce, akwai kuma wasu wurare da ƙetarewa ta fi sauƙi: birnin Banaras a gaɓar kogin Ganga, ko wasu kogunan dutse a tsaunukan Himalaya, ko manyan wuraren nan huɗu na kusurwoyin ƙasar, Badrinat a arewa, Puri a gabas, Rameshwaram a kudu, Dwarka a yamma. Abin da mai ziyara yake nema shi ne darshan, wato gani: ya ga abin bautarsa, shi ma ya gan shi. Wahalar hanya, yunwa da ƙishirwa da faso a ƙafa, duk cikin ibadar suke. Wanda kuma ya yanke shawarar barin gida ɗungum, ba aure, ba dukiya, har sunansa ya sauya, shi ake kira sanyasi. Su ne masu yadi ruwan goron nan.

Ɗan lauya mai gardama

An haife shi ranar 12 ga Janairu, 1863, a birnin Kalkata, wanda a lokacin shi ne babban birnin Indiya ƙarƙashin mulkin Turawan Ingila. Sunan da iyayensa suka raɗa masa Narendranat Datta, a gida kuma Naren ake kiransa. Mahaifinsa, Bishwanat Datta, lauya ne a Babbar Kotun Kalkata, mai samu kuma mai buɗaɗɗen hannu. Mahaifiyarsa, Bubaneshwari Debi, mace ce mai riƙo da addini, ita ta fara koya masa labaran Ramayana da Mahabarata. Kakansa na wajen uba shi ma ya bar gida ya zama sanyasi tun yana matashi, don haka abin ba baƙo ba ne a gidan.

Naren ya taso da kaifin ƙwaƙwalwa, ga murya ta waƙa, ga son kokawa da motsa jiki. Ya yi karatu a kwalejin da yanzu ake kira Scottish Church College, inda ya karanta falsafar Turawa, irin su David Hume da Immanuel Kant da John Stuart Mill da Herbert Spencer. Wannan karatu ya jefa shi cikin kokwanto. Ya shiga Brahmo Samaj, ƙungiyar 'yan boko masu neman gyara addinin Hindu, waɗanda suka ƙi bautar gumaka. Nan ma hankalinsa bai kwanta ba. Sai ya tsiri wata ɗabi'a: duk babban malamin da ya samu sai ya tambaye shi, kai tsaye, ko ya taɓa ganin Ubangiji. Har Debendranat Tagor, mahaifin shahararren mawaƙin nan Rabindranat, sai da ya yi masa wannan tambayar. Babu wanda ya ba shi amsar da ta gamsar da shi.

Haɗuwa da Ramakrishna

A arewacin Kalkata, a gaɓar kogi, akwai wani ɗakin bauta na Kali a Dakshineshwar, wanda wata attajira mai suna Rani Rashmoni ta gina aka buɗe a 1855. A nan wani mutum mai suna Ramakrishna yake zaune. Ɗan ƙauye ne, an haife shi a 1836, bai yi wani karatun boko ba, maganarsa ma irin ta mutanen karkara ce. An san shi da fita daga hayyacinsa in ya yi nisa cikin bauta. Masu tarihi sun ce shugaban kwalejin su Naren, wani Bature mai suna William Hastie, shi ya ambaci sunansa a aji, ya ce wanda ke son ganin irin wannan hali da idonsa ya je Dakshineshwar.

Sun fara haɗuwa a ƙarshen 1881, a gidan wani mai suna Surendranat Mitra, inda aka gayyaci Naren ya yi waƙa. Ba da daɗewa ba ya je Dakshineshwar. Ramakrishna ya ja shi gefe, ya riƙe hannunsa yana hawaye, yana nuna ya daɗe yana jiransa. Ku ɗauka ku ne, ɗan kwaleji mai shekara 18, wani dattijo da ba ku sani ba ya yi muku haka. Naren dai ya yanke hukuncin cewa mutumin nan yana da taɓin hankali. Duk da haka ya yi masa tambayar nan tasa, sai ga amsa ba kwana-kwana: Ramakrishna ya ce ya gan Shi kamar yadda yake ganin Naren a gabansa, har ma fiye, kuma zai iya nuna masa hanya.

Kada ku zaci daga nan ya miƙa wuya. Kusan shekara biyar ya yi yana ja da malamin. Yakan yi wa bautar Kali dariya a gabansa, yakan ce abubuwan da yake gani ruɗin ƙwaƙwalwa ne kawai. An ruwaito cewa da ya ji wai jikin Ramakrishna ba ya jure taɓa kuɗi, sai ya ɓoye kwabon rupi ƙarƙashin katifarsa, malamin na zama ya zabura kamar an harbe shi. Da ya gane wanda ya yi, bai yi fushi ba. Shi da kansa yake gaya wa almajiransa su gwada shi kamar yadda ɗan canji ke gwada kuɗi kafin ya karɓa. Wannan wurin yana da muhimmanci, don mutane da yawa sun ɗauka bin guru rufe ido ne tun daga ranar farko. A wajen waɗannan biyun dai, gwaji ya riga biyayya.

Shekarar da komai ya rushe

A farkon 1884, Naren na gama jarrabawar digiri, mahaifinsa ya rasu ba zato ba tsammani. Da aka duba, ashe bashin da ya bari ya fi dukiyar. Masu bin bashi suka yi ta sallama, 'yan uwa kuma suka kai ƙara kotu suna neman ƙwace gidan. Yaron da ya taso cikin daula ya koma yawo a rana, wani lokaci ba ko takalmi, daga wannan ofis zuwa wancan, ko'ina a ce babu gurbi. In ya ga abincin gida ba zai isa ba, sai ya ce wa mahaifiyarsa an gayyace shi cin abinci a waje, ya fita ya yini da yunwa don ƙannensa su samu. Abokan da suke cin arziki tare suka watse. Har ya kai ga fitowa fili yana tambaya, in akwai Ubangiji mai jinƙai, ina jinƙan yake?

Da tura ta kai bango, ya je ya roƙi Ramakrishna ya yi wa gidansu addu'ar samun abin hannu. Malamin ya ce ya shiga ɗakin bautar ya roƙa da bakinsa. Labarin da almajiran suka bayar shi ne, sau uku yana shiga a dare ɗaya, duk shigar da ya yi sai ya kasa ambaton kuɗi, ya ɓuge da roƙon ilimi da tsarkin zuciya. A ƙarshe Ramakrishna ya kwantar masa da hankali cewa iyalinsa ba za su rasa ɗan abin sawa a baki da na rufe jiki ba. Daga wannan dare ne ya daina yi wa bautar malaminsa ba'a.

A wannan shekarar ce kuma aka yi wata magana da ba wanda ya ɗauke ta da nauyi sai shi. Kamar yadda abokin almajircinsa Swami Saradananda ya rubuta, wata rana ana zancen tausaya wa halittu, sai Ramakrishna ya nuna cewa ɗan Adam bai isa ya ce yana tausaya wa wani ba, kamar shi ne a sama, abin da ya kamata shi ne ya yi wa mutum hidima yana kallonsa a matsayin Shiba, abin bautarsu. Naren ya fito ya ce wa abokansa ya ji wani sabon abu yau, kuma in ya samu dama zai yaɗa shi. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

A 1885 ciwon daji ya kama Ramakrishna a maƙogwaro. Aka mai da shi wani gida mai lambu a Koshipur, samarin almajiransa suka tare a can suna jinyarsa dare da rana, Naren ne jagoransu. An ce da wasu suka fara ɗari-ɗari don tsoron kada su ɗauki cutar, sai ya ɗauki ragowar kunun da malamin ya sha ya shanye a gabansu. A wannan gidan ne ya roƙi malamin ya bar shi ya nutse cikin halwa, ya manta da duniya baki ɗaya. Ramakrishna ya yi masa faɗa sosai, ya nuna masa cewa wannan son kai ne, shi fatansa Naren ya zama kamar ƙaton itacen banyan, ɗan uwan ceɗiyarmu, wanda dubban mutane za su sha inuwarsa. Ranar 16 ga Agusta, 1886, Ramakrishna ya rasu, bayan ya damƙa sauran samarin a hannun Naren.

Sanda, buta da littattafai biyu

Samarin suka kama wani tsohon gida da ya kusa rushewa a Baranagar, Surendranat Mitra na biyan haya. Wata rana shinkafa da gishiri ne kaɗai abincinsu. A farkon 1887 suka ɗauki alkawarin zama sanyasi. Daga 1888 Naren ya fara fita yawon ziyara, ba ya riƙe da komai sai sanda da buta da littattafai biyu: Bagabad Gita, da wani tsohon littafin ibada na Kirista a kan koyi da Almasihu. Ba ya ajiye kuɗi. In wani ya saya masa tikiti ya hau jirgin ƙasa, in babu ya taka da ƙafa. Yakan sauya suna daga gari zuwa gari don kada a gane shi.

Ya je Banaras, ya je Ayodhya, ya je Birindaban. A hanyar Birindaban ya ga wani mutum yana shan taba a lofe, ya roƙe shi ya ɗan ja. Mutumin ya ja da baya, ya ce shi mai shara ne, wato daga cikin waɗanda tsarin fifiko na haihuwa ya ce ba a ko taɓa su. Naren ya wuce. Bai yi nisa ba sai abin ya dame shi: shi da ya ce ya bar duniya da bambance-bambancenta, ashe har yanzu suna nan a zuciyarsa. Ya dawo ya karɓi lofen ya sha. Irin karatun da hanya ta riƙa yi masa kenan, wanda kwaleji ba ta yi masa ba.

Babban gwajin amanarsa ga malaminsa ya zo ne a farkon 1890, a garin Gazipur. A can akwai wani mashahurin mai halwa, Pawhari Baba, wanda ke zaune a wani rami da ya haƙa cikin gidansa. Naren ya ga mutumin ya san sirrin yoga, shi kuma ga ciwon baya ga rashin natsuwa, sai ya yi niyyar karɓar diksha a hannunsa. A al'adarsu wannan ba ƙaramin abu ba ne, kamar sauya uba ne. Ya faɗa daga baya cewa a daren da zai je, sai ya ga Ramakrishna tsaye kusa da shi, bai ce uffan ba, yana dai kallonsa da fuskar damuwa. Ya ɗage zuwa gobe, abin ya sake faruwa, dare bayan dare, har ya haƙura. Ya bar Gazipur yana girmama Pawhari Baba, amma bai sake neman wani guru ba har ya mutu. A wajen mabiya Hindu, mutuwar guru ba ta warware igiyar da ke tsakaninsa da almajiri.

A watan Yulin 1890 ya je ya nemi albarkar Sarada Debi, matar malaminsa, wadda almajiran ke kira Uwa, sannan ya nufi Himalaya. Kusa da garin Almora yunwa da gajiya suka kayar da shi a bakin wata maƙabarta. Wani fakiri Musulmi mai gadin wurin ne ya ba shi kokwamba guda ɗaya, ita kaɗai gare shi, ya farfaɗo. Shekaru bayan haka, da ya dawo Almora ana yi masa gagarumar tarba, ya hango mutumin cikin taro, ya jawo shi ya gabatar da shi a matsayin wanda ya ceci ransa. A Almora ɗin ne kuma labarin rasuwar 'yar uwarsa ya iske shi, abin da ya girgiza shi ƙwarai.

Daga farkon 1891 ya rabu da abokan tafiyarsa ya ci gaba shi kaɗai. Yau ya kwana a bukkar talaka, gobe a fadar sarki. A Alwar sarkin garin ya yi wa masu bautar gumaka ba'a, sai Naren ya sa a sauko da hoton sarkin daga bango, ya ce wa waziri ya tofa masa yawu. Fada ta yi tsit, waziri ya kasa. Sai ya bayyana musu cewa takarda ce da fenti, amma sun ƙi saboda tana tuna musu da sarki, kuma haka mai bauta yake kallon abin da ke gabansa. Wanda ya taɓa yi wa malaminsa dariya a kan wannan batu, yau shi ke kare shi. A Dutsen Abu ya haɗu da Ajit Singh, sarkin Ketri, wanda ya zama almajirinsa. Ya ratsa Gujarat ya ziyarci Dwarka da Somnat, ya wuce Bombay da Puna da Maisur, har Kerala.

Dutsen ƙarshe

Abin da ya fi gani a wannan tafiya shi ne talauci. Babbar yunwar 1876 zuwa 1878, wadda ta kashe miliyoyin mutane, ba ta daɗe da wucewa ba. Ya ga manoma da ba su ƙoshi, da yara da ba su taɓa shiga aji ba, da mutanen da aka hana su bin wasu hanyoyi saboda gidan da aka haife su. Ya fito neman wuraren tsarki, ga shi ko'ina ya juya mutane yake gani.

A ƙarshen Disambar 1892 ya isa Kanyakumari, can ƙarshen kudancin Indiya, inda ƙasa ta ƙare teku ya fara. Bayan ya yi ziyara a ɗakin bautar garin, ya yi iyo zuwa wani dutse da ke cikin ruwa, ya zauna a kai, an ce har kwana uku. A wata wasiƙa da ya rubuta wa wani abokin almajircinsa a 1894, ya ce a kan wannan dutse ne dabara ta zo masa. Ga dubban sanyasi suna yawo suna koya wa mutane zurfafan maganganu, alhali malaminsu ya sha faɗa cewa cikin da babu abinci ba ya ɗaukar addini. Me zai hana waɗannan masu yawon su riƙa shiga ƙauyuka suna koyar da ilimi, suna ɗaga talaka? Maganar nan ta 1884 ce ta dawo masa, ta yi wa mutum hidima a matsayin bauta. Shekara takwas ta yi a kunnensa, sai da ya taka ƙasar tun daga tsaunuka har bakin teku sannan ya gane abin da ake nufi da ita.

Shikago

Aikin na buƙatar kuɗi, ga kuma labarin wani taron addinan duniya da za a yi a Amurka. Wasu samari a Madras, ƙarƙashin wani malamin makaranta Alasinga Perumal, suka bi gida-gida suna tara masa kuɗin jirgi, sarkin Ketri ma ya taimaka. Bai tashi ba sai da ya rubuta wa Sarada Debi ya samu izininta. Ranar 31 ga Mayu, 1893, ya hau jirgin ruwa a Bombay, da sunan da duniya ta san shi da shi, Bibekananda.

Ya isa Shikago a ƙarshen Yuli, ya tarar taron sai Satumba, ba shi da takardar wakilci, kuɗi kuma na ƙarewa. Wani farfesa na Jami'ar Harvard, John Henry Wright, shi ya rubuta masa takardar gabatarwa. Da ya dawo Shikago adireshin ya ɓace masa, ya kwana a tashar jiragen kaya, sai wata mata, uwargidan George Hale, ta gan shi zaune a bakin titi ta ɗauke shi. Ranar 11 ga Satumba, 1893, ya tashi gaban dubban mutane, ya fara da kiran su 'yan uwansa mata da maza, zauren ya ɓarke da tafi. Ya shafe fiye da shekara uku yana lacca a Amurka da Ingila, ya kafa ƙungiyar Bedanta a New York a 1894. A Landan ya haɗu da wata malamar makaranta 'yar Ailan, Margaret Noble, wadda ta bi shi Indiya ta zama Sista Nibedita.

Ya sauka Kolombo ranar 15 ga Janairu, 1897, aka yi masa tarbar sarakuna tun daga can har Kalkata. Duk da wannan ɗaukaka, ya gaya wa jama'a cewa duk wata gaskiya da suka ji a bakinsa ta malaminsa ce, kurakuran kuwa nasa ne. Ranar 1 ga Mayu, 1897, ya kafa ƙungiyar hidima ya sa mata sunan malamin, Ramakrishna Mission. A shekarar suka fara rabon abinci a yankin Murshidabad da yunwa ta afka wa, a 1898 kuma suka shiga aikin annobar da ta ɓarke a Kalkata.

Ba kowa ya yarda da shi ba, har cikin abokan almajircinsa. Swami Yogananda ya tambaye shi a fili ko malaminsu ya taɓa umartar su da kafa ƙungiya da asibiti, ko kuwa dabarun Turawa ne ya kwaso. Har yau akwai masana da ke ganin Bibekananda ya sake wa koyarwar Ramakrishna fasali don ta dace da zamani. Wannan tambaya ce da ke bin duk almajirin da malaminsa ya rasu: ina iyakar abin da aka gaya maka, ina kuma farkon abin da ka fahimta da kanka? Shi dai ya tsaya a kan cewa aikin malaminsa yake yi.

Ziyarorin ƙarshe

Duk da suna da yawan aiki, bai bar ziyara ba. A farkon Agustan 1898 ya bi ayarin masu zuwa kogon Amarnat a Kashmir, mai tsayin kusan mita 3,900 daga teku, inda ƙanƙara ke daskarewa ta yi wani ginshiƙi da suke ɗauka alamar Shiba ce. Ya yi duk abin da talakan mai ziyara ke yi: azumi, wanka a ruwan ƙanƙara, shafa toka a jiki. Nibedita, wadda ke cikin tafiyar, ta rubuta cewa saura kaɗan ya suma a cikin kogon, kuma ya daɗe yana maganar abin da ya ji a wurin. Ranar 9 ga Disambar shekarar, ya ɗauki mazubin da ke ɗauke da tokar gawar malaminsa a kafaɗarsa, ya kai shi sabuwar cibiyarsu ta Belur a gaɓar Ganga, yana tuna alkawarin da ya ce Ramakrishna ya yi masa, cewa duk inda ya ɗauke shi ya kai, nan zai zauna.

Akwai wadda ta biya kuɗin wannan tafiya tasa fiye da kowa, ita ce mahaifiyarsa. Babban ɗanta, mai digiri, wanda ta sa rai zai ɗauki gidan, ya bar ta da ƙananan yara da shari'a a kotu. Sarkin Ketri ne ya riƙa aika mata kuɗi duk wata. Abin bai taɓa barin zuciyar Bibekananda ba. A farkon 1901 ya rubuta wa wata almajirarsa cewa bai jawo wa danginsa komai ba sai wahala, don haka zai cika wa mahaifiyarsa burinta guda, wanda shi ne burin kowace bazawara Bahindiya: ziyara. Ga ciwon sukari ga fuka, haka ya ɗauke ta suka je gabashin Bengal da Asam, har wurin bautar Kamakya.

Ranar Juma'a 4 ga Yuli, 1902, ya yi doguwar halwa da safe, ya koyar da nahawun Sanskirit ga matasan almajirai da rana, ya ɗan taka da yamma, da dare wajen ƙarfe tara ya cika a ɗakinsa na Belur. Aka ƙone gawarsa a bakin kogi bisa al'adarsu, a tsallaken ruwan kuma ga inda aka ƙone ta malaminsa shekara 16 da suka wuce. Mahaifiyarsa ta rayu bayansa har 1911.

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu da muke shirin fita, ko ba komai akwai abin dubawa a nan. Mutumin nan bai karɓi malami ba sai da ya gwada shi, da ya karɓa kuma bai sake shi ba, sannan karatun da aka ba shi a zaune bai buɗe masa ba sai da ya fita ya ga yadda mutane ke rayuwa. Yau ƙungiyar da ya kafa tana gudanar da makarantu da asibitoci a Indiya da wajenta, gwamnatin ƙasar kuma ta mai da ranar haihuwarsa, 12 ga Janairu, ranar matasa ta ƙasa. Dutsen nan na Kanyakumari an gina masa abin tunawa a kai a 1970. Kullum kwale-kwale na jigilar mutane zuwa wurin, ya zama tirtha shi ma.